DAGA NASIRA ZUWA BAKALORI: DARIYAR DA AZZALUMI YAKE TSORO

Wani saurayi ne ya fito daga gidansu a birnin Ramalla da ledar shara a hannu. A ƙofar gidan kuwa ga tankar yaƙi ta sojojin mamaya na Isra'ila a girke, ta cika titi. Saurayin ya tsallaka zai jefa sharar, sai bakin igwar tankar ya juya ya bi shi. Ya juyo, igwa ta juyo. Can sai wayarsa ta yi ƙara, ya ɗauka, ya shiga kai da kawowa a tsakiyar titi yana hira da abokinsa a kan wani shagali da za a yi, igwa kuwa tana bin ƙeyarsa duk inda ya nufa, amma shi ko kallo ba ta ishe shi ba. Da ya gama wayarsa sai ya shige gida ya rufe ƙofa, ya bar tanka da sojojin cikinta suna gadin shara.

Ba a harba ko harsashi ɗaya ba, babu mai ihu, babu mai kuka. Wannan fitowa ce a cikin wani fim da wani Bafalasɗine mai suna Iliya Sulaiman ya fitar a 2009. Duk wanda ya gan ta sai dariya ta kuɓuce masa, sannan dariyar ta tsaya masa a maƙogwaro idan ya tuna cewa da yatsa ɗaya sojan da ke cikin tankar zai iya mayar da yaron nan gari.

To amma akwai 'yan uwa matasa, masu kishin Falasɗinu na haƙiƙa, waɗanda da jin wannan labari za su murtuke fuska su ce wannan cin amana ne. Wai ta yaya za a haɗa dariya da ƙasar da tun daga watan Oktoba na 2023 zuwa tsakiyar 2025 ma'aikatar lafiyar Gaza ta lissafa an kashe fiye da mutum 60,000 a cikinta? A ɗaya ɓangaren kuma ga wasu matasan da su dariyar suke nema ido rufe, amma irin wadda ake samu a finafinan camama, inda ake tsokanar baƙauye da gurgu da mai in'ina. Duka ɓangarorin biyu sun yi kuskure, kuma kuskurensu iri ɗaya ne: sun bar wa azzalumi kwarjininsa bai taɓu ba, sun kuma bar labarin iyayensu yana mutuwa ba wanda ya adana shi. Wannan magana kuwa ta fi shafar matasan Talatar Mafara da Bakura da Maradun fiye da yadda suke zato.

WANE NE ILIYA SULAIMAN?

An haife shi a 1960 a birnin Nasira, wanda Kiristoci ke kira Nazarat, a arewacin Falasɗinu. Birnin ya faɗa hannun dakarun 'yan sahayoniya ranar 16 ga Yulin 1948, a shekarar da aka kori ko aka tilasta wa kimanin Falasɗinawa 750,000 barin gidajensu, aka kuma shafe ƙauyuka fiye da 400. Mutanen Nasira suna cikin waɗanda suka saura a garinsu, aka ba su takardar zama 'yan ƙasar da aka kafa a kan gonakinsu, aka kuma ɗora masu mulkin soja har zuwa 1966, ta yadda mutum ba ya fita garinsu zuwa wani sai da takardar izinin soja. A cikin wannan hali aka haifi Iliya. Ya yi zaman New York fiye da shekara goma, sannan ya koma Ƙudus a 1994, inda ya yi aikin kafa sashen koyar da fim a Jami'ar Birzait.

Manyan finafinansa huɗu ne. Na farko Sijillu Ikhtifa, wato tarihin wata ɓacewa, a 1996, wanda ya ci kyautar fim ɗin farko mafi kyau a bikin finafinai na Venice a Italiya. Na biyu Yadun Ilahiyya, wanda Turawa suka sani da Divine Intervention, a 2002, ya ci kyautar alƙalai a bikin Cannes na Faransa. Na uku Azzamanul Baƙi, wato lokacin da ya rage, wanda ake kira The Time That Remains, a 2009. Na huɗu shi ne It Must Be Heaven a 2019.

Salonsa ɗaya ne a cikinsu duka. Yakan girke kyamara wuri guda, ba ta bin kowa, ba ta rawa. Shi da kansa yakan fito a ciki, fuska ba yabo ba fallasa, yana kallo kawai, kuma da wuya ya buɗe baki. Abu ɗaya yakan faru sau uku ko sau huɗu, kamar yadda kwanakin wanda aka mamaye suke maimaita kansu. Babu kiɗan da zai gaya wa mai kallo cewa nan ne wurin kuka, babu kuma mai washe baki ya nuna masa nan ne wurin dariya. An ajiye masa abin a gabansa, ya rage nasa.

GIDA NE FAGEN DAGA

Abin da ya kamata mai karatu ya lura da shi shi ne cewa mafi yawan abin da ke cikin finafinan nan a tsakar gida yake faruwa, da ɗakin girki, da ƙofar maƙwabci. Fim ɗin 2009 an gina shi ne a kan rubuce-rubucen da mahaifinsa Fu'ad ya bari, da wasiƙun da mahaifiyarsa ta riƙa aika wa 'yan uwan da aka kora zuwa ƙasashen waje. Fu'ad maƙerin bindigogi ne a 1948, an kama shi, an ɗaure masa ido, an lakaɗa masa duka an jefar da shi ta kan katanga ana zaton ya mutu. Fim ɗin ya nuna wannan ba tare da ado ba. Sannan ya nuna abin da ya fi duka ciwo, wato shekarun da suka biyo baya, lokacin da jarumin jiya ya koma magidanci mai zuwa kamun kifi da dare, motar sintiri tana zuwa tana haska shi da fitila, ana yi masa tambayoyin da aka yi masa jiya da shekaranjiya.

A gidan nan ne 'yan sanda suka zo bincike suka ga ɓarzajjen alkama suka ɗauka albarushi ne. A unguwar ne ake da wani tsoho maƙwabci wanda duk sanda baƙin ciki ya ishe shi sai ya tuttula wa kansa kananzir ya ce zai cinna wuta, ashana ta ƙi kamawa, a kira Fu'ad ya zo ya karɓe ashanar ya raka shi gida, gobe ma a sake. A makaranta kuma an tara yaran Larabawa suna rera waƙar yabon ƙasar da ta cinye tasu, ga tutoci ko'ina, har an ba su kyauta, shi kuwa ƙaramin Iliya shugaban makaranta ya fitar da shi yana yi masa faɗa a kan wa ya gaya masa cewa Amurka 'yar mulkin mallaka ce.

A fim ɗin 2002, mahaifin yana tuƙa mota cikin unguwa yana ɗaga wa maƙwabta hannu, alhali a ƙasa-ƙasa zaginsu yake yi ɗaya bayan ɗaya. Wani kullum sai ya jefa shararsa a lambun maƙwabciyarsa, ranar da ta kwaso ta mayar masa sai ya zo yana ƙorafin cewa ba ta san haƙƙin maƙwabtaka ba. Mai gaggawa zai ce wannan tona asirin Falasɗinawa ne. Mai natsuwa kuwa zai ga cewa wannan shi ne aikin mamaya da labaran rediyo ba sa kawowa: idan aka toshe wa mutane hanyar kai wa azzalumi hannu, sai fushin ya koma cikin gida, maƙwabci ya ci maƙwabci, zomo ya bar makashinsa yana fushi da maratayinsa. Fim ɗin ya ƙare ne da Iliya da mahaifiyarsa zaune a ɗakin girki sun zuba wa wata tukunya ido, irin mai ɗaurarren murfin nan da ke fito idan tururi ya cika ta, har uwar ta ce ya isa haka.

GA MASU CEWA DARIYA CIN AMANA CE

Zalunci ba da bindiga kaɗai yake tsayawa ba. Sojan da ke shingen bincike ya san harsasansa ba su kai yawan mutanen da ke kan layi ba. Abin da yake riƙe da layin shi ne kwarjini, wato imanin da aka dasa a zukatan mutane cewa wannan mai kakin ya fi ƙarfin a raina shi. Hoton gawa, duk da cewa gaskiya ne kuma wajibi ne duniya ta gani, sau da yawa ƙara wa wannan kwarjini ƙarfi yake yi, domin saƙon da yake isarwa shi ne ga abin da za su iya yi maka. Amma ranar da aka nuna sojojin shingen Arram, tsakanin Ramalla da Ƙudus, sun ruɗe suna bugun waya suna neman izinin harbo balan-balan mai hoton Yasir Arafat da ta tsallake shingensu ta nufi Ƙudus, ranar an taɓa wani abu da dutse ba ya taɓawa. Haka nan inda wata baƙuwa ta tambayi ɗan sandan Isra'ila hanya a Ƙudus, shi bai sani ba, sai ya fito da wani Bafalasɗine daga bayan mota, ido a ɗaure, hannu a ɗaure, shi ya kwatanta mata hanyar tiryan-tiryan. Wane dogon jawabi ne zai bayyana wane ne ɗan gari wane ne baƙo fiye da wannan?

Kuma wannan ba baƙon abu ba ne ga wanda ya san ƙissar Annabi Ibrahim (AS). Da ya farfasa gumakan mutanensa ya bar babbansu, suka zo suna tuhumarsa, ai bai yi masu ihu ba. Nuna masu babban gunkin ya yi, ya ce su tambaye su in suna magana. Da wannan amsa ya sa suka koma suna zargin kawunansu, da hujja ta ƙare masu kuma sai suka koma ga wuta. Azzalumi kullum haka yake, wanzami ne, ba ya son jarfa. Naji al-Ali, mai zanen barkwancin nan Bafalasɗine da ya ƙirƙiro Hanzala, yaro ɗan shekara goma mai juya wa duniya baya, alƙalami kawai yake riƙewa, kuma bai bar Isra'ila ba, bai bar shugabannin Larabawa ba. An harbe shi a kan titin Landan a watan Yulin 1987, ya cika a watan Agusta. In da zane wasa ne, me ya kawo harsashi?

Hatta masu bayar da kyautar Oscar a Amurka sai da fim ɗin 2002 ya jefa su cikin tsaka mai wuya, domin a ƙa'idarsu ƙasa ce ke gabatar da fim, su kuma ba su san inda za su ajiye Falasɗinu ba. An yi ta cece-ku-ce a shekarar, sai a shekara mai zuwa aka karɓe shi da sunan Falasɗinu. Fim ɗin barkwanci ne ya tilasta masu rubuta sunan da suke gudu.

Ba kuma yau aka fara yi wa mutumin nan mummunar fahimta ba. Fim ɗinsa na 1996 ya ƙare ne da iyayensa na gaskiya, tsofaffi biyu, barci ya kwashe su a gaban talabijin, ga tutar Isra'ila tana kaɗawa a allon ana buga taken ƙasar na rufe tasha. Wasu masu sharhi na ƙasashen Larabawa suka yi masa ca, wai ya ɗaga tutar maƙiyi. Sun ga tuta, ba su ga cewa mutanen da aka kaɗa wa tutar munshari suke yi ba.

GA MASU CEWA FIM ƁARNA CE

Gaskiya ɗaya ce, kuma ba za a ɓoye ta ba. Iliya Sulaiman daga gidan Kiristoci ya fito, finafinansa ba wa'azi ba ne, kuma akwai wuraren da ake shan giya, da ashar, da shigar da mumini zai kau da kai. Ba a ce kowa ya zauna da ƙannensa ya kalla daga farko har ƙarshe ba. Amma wanda zai jefar da darasin saboda addinin mai shi, to ya sani igwar tankar nan ba ta tambayi saurayin ko yana zuwa masallaci ko coci ba, katangar da aka fara ginawa a 2002, wadda tsawonta ya kai mita 8 a wasu wurare, wadda kuma Kotun Duniya ta ce ta saɓa wa doka a 2004, ba ta ware gonar Kirista daga ta Musulmi ba. Katangar nan ce Iliya ya doka doguwar sanda ya tsallake a fim ɗinsa, kamar mai wasan tsalle.

Jihar Zamfara kuwa ta riga ta gwada hanyar rufe ƙofa. Bayan da Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura ya ƙaddamar da Shari'a a Gusau a watan Oktoban 1999, an rufe gidajen silima. An yi maganin cakuɗuwar da ake yi a cikinsu, to amma kallo ya tsaya? Yau a kasuwar Talatar Mafara akwai wanda bai san shagon masu tura finafinai a waya ba? Fassarar finafinan Indiya tana aljihun yaron da bai taɓa ganin ƙofar silima ba. Ashe tambayar ba ita ce a kalla ko kada a kalla ba, domin wannan an wuce wurin. Abin tambaya yanzu shi ne me ake kallo, kuma labarin wa ake bayarwa.

A DAWO GIDA

Kafin a ci gaba, dole a faɗi bambanci, don kada a yi wa kowa ƙarya. Abin da ke Falasɗinu mamaya ce ta wata ƙasa mai soja da jiragen yaƙi da goyon bayan manyan ƙasashen duniya. Abin da ke yammacin Zamfara ta'addancin 'yan bindiga ne da aka haifa a ƙasar, haɗe da sakacin hukuma. Ba abu ɗaya ba ne. Amma magidancin da sai ya biya haraji ga mai bindiga kafin ya shiga gonar da ya gada, sannan ya sake biya kafin ya girbe, ya san wani abu game da neman izini a kan ƙasar kakanninsa wanda mutumin Nasira zai gane ba sai an yi masa fassara ba.

Kuma rabuwa da ƙasa ba jiya ta fara a wannan yanki ba. Daga 1974 zuwa 1978 aka gina madatsar ruwa ta Bakalori a kan Gulbin Sakkwato, kamfanin Impresit na Italiya ne ya yi aikin. Ruwan ya cinye gidaje da fadamu a ƙasar Maradun, aka tashi kimanin mutum 13,000 aka kai su tudu. Manoman da ke cikin filin aikin ban ruwa kuma aka hana su shuka ana daidaita ƙasa, aka tumɓuke itatuwansu, diyya ta zama sai gobe sai jibi. Da suka gaji suka tare hanyoyin aikin. A ƙarshen watan Afrilun 1980, zamanin Shugaba Shehu Shagari da Gwamna Shehu Kangiwa na tsohuwar Jihar Sakkwato, aka turo 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe wuta, aka ƙona ƙauyuka. Hukuma ta faɗi adadi kaɗan, wasu masu bincike kuwa sun kai lissafin waɗanda aka kashe fiye da 380.

Yau shekara arba'in da 'yan kai ke nan. Wanda yake ɗan shekara ashirin a ranar, yanzu ya haura sittin. Fu'ad na Nasira ya bar rubutu, ɗansa ya mayar da shi fim, duniya ta gani. To ina rubutun manomin Bakalori? Matashi nawa ne a Maradun zai iya nuna inda gidan kakansa yake a ƙarƙashin ruwan dam? Akwai wanda zai iya lissafa garuruwan Gaza daga Rafah har Bait Hanun, kuma madalla da hakan, amma bai taɓa zama gaban kakarsa ya tambaye ta ranar da aka ɗora kayan ɗakinta a mota ba.

Sai kuma abin da ya faru a gaban idon kowa. Ranar 26 ga Fabrairun 2021 aka kwashe 'yan mata 279 daga makarantar sakandaren Jangebe a ƙaramar hukumar Talatar Mafara. Da aka sako su a farkon watan Maris aka kai su garin don miƙa wa iyaye, sai manyan baƙi suka tsaya jawabai, iyaye kuwa suna kallon rana tana sunkuyawa, sun san hanyar ƙauyukansu ba ta biyuwa da duhu. Da haƙuri ya ƙare suka kutsa don ɗaukar 'ya'yansu, aka yi jifa, jami'an tsaro suka yi harbi, aka kafa dokar hana fita. A makon nan ne gwamnatin tarayya ta haramta shawagin jiragen sama a samaniyar Zamfara, alhali waɗanda suka addabi mutane a kan babura suke zuwa. A watan Agusta aka shiga Kwalejin Aikin Gona ta Bakura aka tafi da ɗalibai 15 da wasu ma'aikata. Ranar 1 ga Satumba aka kwashe ɗalibai 73 a makarantar Kaya ta ƙaramar hukumar Maradun. Bayan kwana biyu ko uku aka katse layukan waya a jihar baki ɗaya, ga kasuwannin mako kuma an riga an rufe su, ya zama wanda aka sace wa ɗa ba shi da hanyar jin ko yana raye, ba shi kuma da kasuwar da zai sayar da akuya ya haɗa kuɗin fansa. A watan Yunin 2022 gwamnatin jiha ta ce jama'a su nemi lasisin mallakar bindiga don kare kansu, rundunar 'yan sanda kuma ta ce ai an dakatar da bayar da lasisin. Wata guda bayan haka aka naɗa wa wani ƙasurgumin ɗan bindiga da ake nema ruwa a jallo rawanin sarauta a 'Yandoto, da rana tsaka.

Wane mai tsara labari ne zai ƙirƙiri abin da ya fi waɗannan? Ba sa bukatar a ƙara masu gishiri. Kyamara kawai suke bukata a girke wuri guda, da fuskar da ba ta murmushi. A ƙara da wannan: tun da aka koma mulkin farar hula a 1999, garuruwan nan uku kowanne ya fitar da gwamna. Bakura ta ba da Yarima daga 1999 zuwa 2007, Talatar Mafara ta ba da Abdul'aziz Yari daga 2011 zuwa 2019, Maradun ta ba da Bello Matawalle daga 2019 zuwa 2023. Shekara 20 ke nan mulkin jihar yana zagaye a tsakanin garuruwan da aka kwashi 'ya'yansu a makaranta ɗaya bayan ɗaya cikin wata bakwai.

WA AKE YI WA DARIYA?

Bahaushe ba baƙon raha ba ne. Yana da wasan jika da kaka, da na taubasai, da na Kanawa da Zazzagawa, da tashen watan azumi inda yara ke kwaikwayon manya a gaban idonsu. Wannan yanki ma musamman gidan masu sarrafa harshe ne. Alhaji Musa Ɗanƙwairo a ƙasar Bakura aka haife shi, da Maradun aka san shi, Sa'idu Faru kuma sunan garinsu yake amsawa, a ƙasar Maradun. Sun iya zambo da habaicin da zai hana mutum barci ba a ambaci sunansa ba. Sai dai makaɗan fada ne, kibiyarsu tana tafiya ne inda ubangida ya nuna. Gwanintar tana nan a cikin harshen mutanen yankin, abin da ya rage shi ne a juya bakinta.

Marigayi Rabilu Musa Ibro, wanda ya rasu a watan Disambar 2014, ya sa miliyoyi dariya, kuma ya ɗanɗana ɗaurin hukuma a Kano a 2008. Ba za a tauye masa baiwarsa ba. Haka nan shirye-shirye irin su Daɗin Kowa da Kwana Casa'in sun taɓo 'yan gudun hijira da maguɗin 'yan siyasa. Amma mafi yawan abin da ake kira barkwanci a wayoyin matasa yau, wa ake yi wa dariya a ciki? Baƙauyen da bai iya hawa bene ba, da matar da ta cika ci, da mai lalurar da Allah Ya jarrabe shi da ita. Wannan dariya ce da ke gangarowa daga sama ta faɗa kan na ƙasa, kuma azzalumi da kansa zai zauna ya taya ka yin ta. Ta Iliya Sulaiman hawa take yi. Ba ta taɓa yi wa wanda aka ɗaure wa ido dariya ba, ɗan sandan da bai san hanya ba take yi wa. Ko inda ta taɓa 'yan gida, kamar tsohon nan mai kananzir, da tausayi take taɓa su, irin na wanda ya san abin da ya mayar da su haka.

ABIN DA YA RAGE GA MATASA

Babu wanda ya ce a bar addu'a, ko a bar fita nuna goyon baya ga Falasɗinawa, ko a bar tallafa masu. Amma wanda yake son mutane da gaske yakan koyi wani abu daga gare su. Falasɗinawa an ƙwace masu ƙasa, sun ƙi yarda a ƙwace masu labari. Sun ajiye makullan gidajen 1948, sun ajiye wasiƙu, sun ajiye sunayen ƙauyukan da aka shafe, har suka samu wanda ya mayar da zaman tsakar gidansu abin da ake kallo a Faransa da Italiya.

Wayar da ke aljihun matashin Bakura a yau tana ɗaukar hoto da murya, kuma ba ta bukatar izinin kowa kafin ta zauna gaban tsoho. Ya fara da gidansu. Ya ce Baba, yaya aka yi ranar da ma'aikatan dam suka zo auna gona? Ya ce Inna, me kika ɗauka, me kika bari? Ya bar su su yi magana, kada ya katse su, kada ya sa kiɗa, kada ya gyara masu Hausa. Zai ji abin kuka, zai kuma yi mamakin yawan wuraren da tsofaffin za su yi dariya, domin waɗanda suka sha wuya sun fi kowa sanin inda abin dariyar yake. Ya rubuta abin da yake gani a layin shingen bincike, da abin da ake faɗa a majalisa idan an dawo daga kai kuɗin fansa an ce kuma sai an ƙaro babur da katin waya.

Sai dai a yi da hankali. Kada a nuna fuska ko sunan wanda bayyanarsa za ta jawo masa hari, domin masu kai rahoto suna cikin gari. Kada a mayar da abin zagin wata ƙabila, domin makiyayin da aka kore wa shanu shi ma yana cikin waɗanda aka zalunta, kuma nasa labarin yana cikin abin da za a adana. Kada kuma a ƙara ko kalma ɗaya ta ƙarya don a ba mutane dariya. Manzon Allah (SAW) yana raha da sahabbansa, amma ba ya faɗar komai a cikinta sai gaskiya, wannan ma'auni kuwa ya isa.

Tsofaffin Bakalori suna ta tafiya, duk shekara ana rage wasu. 'Yan matan Jangebe sun girma, wasunsu suna goye da nasu 'ya'yan. Idan 'ya'yan yankin ba su ba da labarin ba, wani zai zo daga Abuja ko daga Turai ya bayar, ko kuma waɗanda suka yi jawabai a ranar su rubuta shi yadda suke so. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Allah Ya kawo wa raunanan Falasɗinu ɗauki, Ya kawo wa mutanen Zamfara zaman lafiya, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya a nan da can.